Kukan Jita da Shirun Kukuma

Duk wanda ya ratsa Sabon Gari ran Lahadi zai ji jita tana kuka ta bakin amfilifaya daga majami'u. Amma in ya tsallaka Fagge ya tambayi matashin mawaƙi da me ake yi masa kiɗa, amsar ɗaya ce: fiyano. Tun bayan fim ɗin Sangaya na 1999, Yamaha ta haɗiye kalangu da sarewa, ta mai da su maɓallai.

Ni kam ina ganin an tafka asara. Alal misali, Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana a Amurka, jita masu araha ya fi so, irin su Fender Mustang. Da suka zo ɗaukar faifan In Utero a 1993, Steve Albini ya jera makirfo cikin ɗaki, ya bar kiɗan da gurnaninsa, bai goge ba. Shi kuwa marigayi Ɗanmaraya Jos, da gwangwani da tsirkiya ɗaya tal ya gama Arewa.

Ai amfilifaya ba ta san jitar Bature kaɗai ba. In aka kafa wa kukuma makirfo na kirki, ita ma za ta cika fili. Masu situdiyo ne dai ke ƙyashin sallamar makaɗa biyar, alhali yaro ɗaya zai danna musu.