Idon Da Ya Dace Da Ɗakin Duhu

Tun da wayar hannu ta shigo, sana'ar wankin hoto ta ja baya ƙwarai a ƙasar Katagum, daga Azare har Gololo. Amma tsofaffin negetif na hawan Salla da bukukuwan aure suna nan jibge cikin akwatuna, alhali kuwa tarihinmu ne. Duk saurayin da ya yi niyyar fitar da su a takarda, lalle ya san yawan hasken da zai ba ta, domin tsada gare ta, daga ƙasashen waje ake kawo ta. Ga wutar lantarki tana hawa tana sauka, fitilar na'urar buga hoto kuma tana bin ta. Ma'aunin haske ya zama tilas ke nan, kuma mai gyaran rediyo yana iya harhaɗa shi.

To, wane ido za a sa masa? Iri uku ne. Na farko silinyam, wanda Willoughby Smith ya gano a Ingila cikin 1873 cewa haske yana sauya halinsa. Ba ya bukatar batir, sai dai a wuri mai duhu makaho ne.

Na biyu shi ne LDR, na sinadarin kadmiyam. Yana da araha, ganinsa kuma ya yi kusa da na mutum. Aibinsa nawa: in ya fito daga haske mai ƙarfi yakan jima kafin ya faɗi gaskiya, zafi ma yana rikita shi.

Na uku na silikon ne, irin su BPW34. Yana da hanzari, awonsa daidai, amma ya fi jin ja da wani haske na bayan ja wanda idonmu ba ya gani. Takardar hoton baƙi da fari kuwa shuɗi ta fi ji, shi ya sa ake aiki da jar fitila a ɗakin. Watau sai an rufa masa gilashin tace haske, ko a nemi BPW21 da ke zuwa da nasa.

Shawarata ita ce a ɗauki na silikon mai gilashi, don araha ba ta ado. A kashe jar fitila lokacin awo, sa'an nan a gwada da ƙyallen takarda, daƙiƙa 5, 10 da 20, a rubuta abin da ma'auni ya nuna. Allah Ya sa mu dace.