Wanda ya san “kada” ya ci rabin darasin hani a Sifaniyanci

Mai koyon Sifaniyanci yakan yi tuntuɓe a wuri guda: ya iya ba da umarni, amma hani ya gagare shi. Ya koyi cewa habla na nufin “yi magana”, sai ya ɗora no a gabanta, ya ce no habla, yana zaton ya hana magana. Alhali abin da ya faɗa shi ne “ba ya magana”. Daidai shi ne no hables.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Aikatau masu bin tsari kashi uku ne: masu ƙarewa da -ar, da -er, da -ir. Wajen hani wasali ne yake sauyawa: na farko su ɗauki e, sauran biyun su ɗauki a. Daga hablar a samu no hables. Daga comer, wato ci, no comas. Daga escribir, wato rubutawa, no escribas. Idan da wanda ake girmamawa ake magana, sai a sauke s: no hable, no coma.

A ganina, ruɗanin ya samo asali ne daga koyon harshen ta hanyar Turanci, inda ake ajiye kalmar hani gaban aikatau ba tare da an taɓa komai ba. Bahaushe kuwa ba ya cewa “kada zauna”. Umarninsa “zauna” ne, haninsa “kada ka zauna”, kuma wannan “ka zauna” ita ce dai ta cikin “ina so ka zauna”. Haka Sifaniyanci yake yi: hables ɗin da ke cikin quiero que hables, “ina so ka yi magana”, ita ce aka aro domin hani. Harsunan biyu sun gina hani a kan sigar da ake bayyana buƙata da ita.

Kuskuren ba ƙarami ba ne. Likitan da ya ce wa majinyaci no come kafin tiyata labari kawai ya bayar. No coma ce take hana shi cin abinci. Wasali guda ne tsakaninsu.

Saboda haka malamin da ke koyar da Hausawa wannan darasi ya fara da “kada”. Ɗalibinsa ya daɗe da sanin tsarin tun daga bakin mahaifiyarsa, wasulan kawai suka rage masa.