Takardar izinin bindiga amana ce

A ƙasar Damagaram bindiga ba baƙuwa ba ce. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa, har igwa aka riƙa ƙerawa a birnin Zinder. Amma makaman nan na rundunar sarki ne, masu riƙe da su kuwa suna ƙarƙashin ikonsa.

Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Nijar ta ɗauki wannan nauyi. Dokar ran 23 ga watan Afrilu 1963 ta tsara yadda ake shigo da makamai, da riƙe su, da sayar da su. Farar hula ba ya riƙe bindiga sai da takardar izinin hukuma. Masu binciken Small Arms Survey sun ƙiyasta cewa a 2017 bindigogi wajen 117.000 ne a hannun farar hula a Nijar, amma kamar 2.000 kaɗai ke cikin rajista. Ke nan masu takarda ƴan kaɗan ne, kuma hukuma ta yarda da su ne ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa laifinsu yake da nauyi. Takarda tana ɗauke da sunan mutum guda da lambar bindiga guda. Wanda ya ara wa ƙanensa ko direbansa, ko ya sayar a ɓoye, ya mai da halattaccen makami haramtacce. Wanda ya zaro ƙaramar bindiga daga aljihun riga saboda rikicin gona ko na bashi, ya ɗauki aikin alƙali da na jandarma, alhali ba wanda ya naɗa shi. Wanda kuma ya ajiye ta inda yara ko ɓarayi za su kai hannu, sakacinsa na iya cin rai.

Ƙasar nan ta san wahalar tattara makamai in sun bazu. A 1994 aka kafa hukumar CNCCAI don karɓo haramtattun makamai, kuma ran 25 ga watan Satumba 2000 aka ƙone bindigogi fiye da 1.000 a Agadas. Rigakafi ya fi magani. Ya kamata gwamnoni da jandarmomi su riƙa duba masu takarda a kai a kai, sarakuna da masu unguwa su faɗakar da jama'a, wanda ya ci amana kuma a karɓe takardar da bindigar tare.