Daga Bakin Shago: Yaron da Ya Ɓata Mini Littafin Bashi

Makon jiya wani mai sayar da takalma ya turo mini saƙo, wai ɗansa ya ƙi zaman shago, ba abin da ya sa a gaba sai zane-zane, in ba shi shawara. Sai da na yi dariya ni kaɗai. Alhaji, ai ka kawo ƙara gidan mai laifi.

Shekara kusan goma ke nan, a shagona na yadi da ke Suk Sitta nan Hajj Yusuf, na buɗe littafin bashi na tarar ɗana na biyu ya zana kowane mai bashi a gefen sunansa. Wani tela da ya riƙe mini kuɗi wata bakwai, yaron ya zana shi yana gudu da keken ɗinki a ka. Wallahi kamar ka kira shi ya amsa. Ban yi dariya ba a ranar. Na yage shafukan, na haɗa da littafinsa na zane, na ce ɗan Bahaushe ciniki ya gada.

Abin kunyar, ni kaina da zane na koyi karatun Larabci. Duk wanda ya yi firamare a Sudan a zamaninmu ya san mujallar Al-Sibyan, wadda hukumar ilimi ta fara bugawa tun 1946. Mukan yi rububinta saboda Ammak Tango, mutumin nan da kullum dabararsa ke juye masa. Sai da na girma na san mai zana shi shekara da shekaru Sharhabil Ahmed ne, wanda ake wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan. An haife shi a 1935, ya yi kwalejin zane ta Khartum, ya yi aiki a sashen wallafa na ma'aikatar ilimi yana zana littattafan makaranta. Da rana alƙalami, da dare jita. Amma ku lura, albashi yake karɓa. Gwamnati ce mai sayen hajarsa, kuma wannan kasuwar ta daɗe da tashi.

Na bayansa sai suka koma intanet. Khalid Albaih, wanda aka haifa a Romaniya a 1980 ya tashi a Doha, ya riƙa sakin zanensa a shafin da ya kira Khartoon. A 2011 matasa suka riƙa kwafar zanen nasa a bangon Alƙahira da Beirut. Suna ya zagaya duniya, amma bango ba ya biyan kuɗi, shi ma yana da aikin ofis a gefe a lokacin.

To ina kuɗin yake? Wannan ita ce tambayar ɗan kasuwa, kuma ban samu amsarta ba sai da yaƙi ya zo.

A Afrilun 2023 muka bar gida da abin da hannu zai ɗauka, muka sauka wurin dangi a Gadarif. Shagon da na tara shekara ashirin da wani abu, ko ƙyalle ba a bar mini ba. Ni da nake taƙama da jari, na wayi gari ina lissafin kuɗin gawayi. Shi kuwa yaron, nasa jarin ya fito da shi a aljihu: waya da ɗan allon zane da ya saya a ɓoye. Ya riƙa zuwa inda ake sayar da intanet da awa, yana karɓar aiki daga mutanen da bai taɓa gani ba. Ranar da kuɗin farko suka shigo ta Bankak ya miƙo wa uwarsa wayar, ni kuwa na tashi na fita waje kamar zan yi alwala.

A zaman nan na sa ido na fahimci sana'ar. Hawa uku ce. Akwai labarin zane a shafi, ana biya shafi-shafi. Akwai katun mai motsi, inda daƙiƙa ɗaya tak kan ci zane goma sha biyu, wani lokaci ashirin da huɗu. Ku lissafa na minti guda. Sai wasan waya da kwamfuta, inda ake so ka zana mutum ɗaya yana tafiya, yana tsalle, yana faɗuwa, kowanne daban, masu haɗa manhaja su ɗora. Wanda ya iya hawa ɗaya kawai yakan zauna wata biyu ba ciniki. Wanda ya iya ukun, in nan ta rufe can ta buɗe, kamar mai shagon da ke da yadi da zare da maɓalli.

Ba tatsuniya ba ce. Kamfanin Kugali, na wasu matasa 'yan Najeriya biyu da ɗan Uganda ɗaya, da littattafan zane ya fara. A 2024 Disney ta fitar da katun ɗinsu Iwájú, labarin Legas ta gobe, kashi shida, sannan kamfanin Maliyo na Legas ya yi wasan waya a kansa. Labari ɗaya, an sayar da shi fiye da sau ɗaya. Wane ɗan kasuwa ne zai raina wannan?

Sai dai kar in yi muku zaƙin baki. Wani ya sa yaron aikin wata guda cur, ya karɓa, ya toshe lambarsa. Nan ne ni ma na yi rana. Na ce daga yau ba ka ɗora alƙalami sai an ba da kafin alƙalami, rabi. Gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗinsa. Kuma a rubuta tun farko: zanen aka saya, ko har da ikon sake sayar da shi? Ashe masu zane da yawa hannu gare su, ba su san ciniki ba. Maganar hukuncin zana mai rai kuwa ta malamai ce, kowa ya je ya tambayi nasa, mu ma mun tambaya.

Don haka Alhaji mai takalma, kar ka yaga komai. Ka ce ya kawo maka aikin wata uku ka gani ko yana gama abin da ya fara. In yana gamawa, ka ba shi safiya a shago, yamma a zane, kai ka riƙe masa lissafi.

Mun dawo Hajj Yusuf, na sake buɗe shagon da rabin kanta. Ƙaramar solar da ke kan rufin, kuɗin zane ne. Sabon littafin bashi kuwa shi na ba ya riƙe, na ce ya bar gefen shafi da faɗi. Telan nan ma ya dawo, kuma har yau bai biya ba.