Lissafin Antegiral da Jarrabawar Bak: Wa Zai Taimaki Ɗan Talaka a Maraɗi?

Duk shekara idan jarrabawar Bak ta gabato, ɗaliban ajin ƙarshe na lise masu karatun kimiyya, wato 'yan seri C da seri D, sukan shiga neman wanda zai warware musu wani reshe na lissafi da ake kira antegiral. A birnin Maraɗi, inda ake da manyan makarantu irin su lise Ɗan Baskore, wanda iyayensa ke da hali yakan samu malamin da zai zo har gida ya yi masa bita, a biya shi a ƙarshen wata. Abin tambaya a nan shi ne, ina makomar ɗan manomin Tibiri ko na Jiratawa, wanda ba ya da kuɗin malamin gida, ga kuma kuɗin kabu-kabu zuwa birni da dawowa?

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Antegiral, wanda Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka kafa tushensa a ƙarni na 17, hanya ce ta tara ƙananan gutsattsari domin a gano jimlar abin da ke sauyawa. A ɗauki misalin famfon ban ruwa a fadamar Jiratawa. A ce an tayar da injin, ruwan ya fara daga babu, ƙarfin zubarsa yana ƙaruwa da lita 2 a kowace daƙiƙa, har ya kai lita 20 a daƙiƙa ta 10. Wanda bai fahimci darasin ba zai ninka 20 sau 10 ya ce an zuba lita 200, alhali kuwa lita 100 ce, domin da farko ruwan kaɗan-kaɗan yake zuba. Da wannan lissafi ne injiniyoyi ke auna ruwan madatsa, da faɗin gonar da iyakarta ta karkace, da wutar da gari ke ci.

Wahalar darasin tana da dalili. Ɗan uwansa da ake kira deribe yana da ƙa'idoji a jere, idan ɗalibi ya bi su zai kai ga amsa. Shi kuwa antegiral komawa baya ne, kamar bin sawun dabba zuwa inda ta fito, dole ɗalibi ya gane da kansa wace dabara ce ta dace da tambayar da ke gabansa. Wannan ido ba ya samuwa sai da yawan gwaji a gaban wanda ya iya, mai nuna inda aka kauce. Ga shi kuma darasin yakan faɗo wajen ƙarshen manhaja, saboda haka duk shekarar da yajin aiki ya cinye makonni, shi ake bi a gurguje. Malamai da dama kuwa 'yan kwantiragi ne, waɗanda ɗan abin da suke samu ya sa bitar kuɗi ta zama musu hanyar rufin asiri, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Wasu za su ce ai wayar salula ta raba gardama. Gaskiya ne akwai manhajoji irin su Photomath da ake ɗaukar hoton tambaya su fitar da amsa mataki-mataki, kuma tun ƙarshen 2022 ChatGPT ya shigo. Sai dai babbar waya da kuɗin intanet da wutar caji duk kuɗi ne. Mutanen Maraɗi ba su manta da duhun da suka sha ba daga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, har zuwa farkon 2024. Ban da haka, ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Ɗalibin da ya saba kwafar amsa yakan zaci ya iya, sai ranar da aka aje masa farar takarda.

A ganinmu maganin yana kusa. Tun 2010 Maraɗi take da jami'arta, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma tana da tsangayar kimiyya da fasaha cike da matasan da suka haye wannan siraɗi ba da jimawa ba. Me zai hana hukumomin ilimi na jiha da ƙungiyoyin iyayen yara su tsara yadda waɗannan ɗalibai za su riƙa zuwa Tibiri da Jiratawa da unguwannin birni a ranakun Asabar da Lahadi, su yi bita kyauta, a ɗauke musu kuɗin mota da ɗan alawus? Allo da alli da aji ɗaya kawai ake bukata, kuma attajiran Maraɗi, da aka san su da gina masallatai da taimakon marayu, ba za su gaza wannan ba.

Sannan a bar mai bitar ya yi bayani da Hausa kafin a rubuta amsa da Faransanci. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa kuma masanin kimiyyar hasken rana, ya yi kiran a koyar da yaran Afirka da harsunansu tun a littafinsa na 1964. A 2025 kundin da hukumomin ƙasa suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaron Jiratawa da aka yi wa bayanin antegiral da famfon gonar mahaifinsa, cikin harshen da ya tashi da shi, da wuya ya manta.

Idan aka ci gaba da barin wannan darasi ga mai kuɗi kaɗai, to injiniyoyin da za su kula da ruwa da wutar jihar nan daga gidaje ƙalilan za su riƙa fitowa. Da fatan masu faɗa a ji za su duba, tun kafin wata Bak ɗin ta ƙwanƙwasa ƙofa.