Duniya Makaranta: Ayarin taram a Sheffield

A birnin Sheffield na Ingila, ranar Asabar abokai kan haɗu su yanki tikitin yini guda, su hau taram, jirgin lantarkin nan da ke ratsa titunan garin tun 1994. Sukan sauka a tasha mafi kusa, su bi mashayun unguwar Kelham Island ɗaya bayan ɗaya, kana su ƙara gaba. Ba mai taɓa sitiyari, domin tun 1967 doka ta ƙayyade barasar da za a iya samu a jinin mai tuƙi.

Abin da ke kai su ita ce giyar gargajiya, wadda ke ci gaba da tsima cikin ganga, ana jawo ta da famfon hannu. In an buɗe ganga, kwana kaɗan ta lalace. Saboda haka ayari guda kan tsamar da mai mashaya daga asara.

Wannan sana'a ta kusa mutuwa, lokacin da manyan kamfanoni suka cika kasuwa da giyar da ke jure ajiya. A 1971 mutum huɗu suka kafa ƙungiyar masu saye, CAMRA, don kare ta. Mashayar Kelham Island Tavern ta ci lambar ƙungiyar ta ƙasa a 2008 da 2009.

Ko wanda giya ba ta gabansa, akwai abin lura a nan ga ƴan kasuwarmu: masu saye ne suka haɗa kai, suka hana babban kamfani haɗiye ƙaramin mai sana'a.