EVE ko Albion: Wanne Ya Fi Cancantar Lokacin Ɗalibin Harshe?

Daga cikin wasannin intanet akwai wani jinsi da ba a shimfiɗa wa mai wasa labarin da zai bi. Ana sakin sa ne cikin faffaɗar duniya tare da dubban mutane, ya sara itace, ya haƙo ma'adini, ya ƙera makami, ya yi fatauci ko yaƙi. Biyu daga cikinsu sun yi kama ƙwarai: EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aisilan ya fitar a 2003, da Albion Online na kamfanin Sandbox Interactive da ke Balin a Jamus, wanda ya fito a 2017. Ra'ayina shi ne EVE ya fi zurfi, amma Albion ya fi dacewa da ɗalibin Yamai ko Damagaram.

Kama da wane ba ta wane ba ce. A duka biyun, ƴan wasa ne ke ƙera mafi yawan kayan da ake saye da sayarwa, kuma wanda aka kashe a yankin haɗari yakan rasa abin da yake ɗauke da shi. EVE ya kafa duniyarsa a sararin samaniya, jiragen sama su ne dukiya, babbar kasuwa kuwa ita ce Jita. Albion ya zaɓi zamanin takobi da doki. Kowane birni, kamar Martlock ko Caerleon, da tasa kasuwa da nata farashi, don haka riba tana hannun mai ƙarfin halin ratsa daji da kaya, kamar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma.

Fifikon EVE a wurin mai nazarin harshe shi ne, in ban da ƙasar Sin, duk masu wasansa suna duniya guda. Mai Rashanci da mai Jamusanci da mai Ingilishi tilas su ƙulla ƙawance ko su gwabza. A Janairun 2014, mutane fiye da 7,500 sun shafe awa 21 suna yaƙi a yankin B-R5RB, saboda wani kuɗin mallakar yanki da ba a biya a kan lokaci ba. Umarni a irin wannan taro sai da gajerun kalmomin da kowa zai gane nan take, kuma daga nan sara ke tsirowa. Gaisuwarsu ita ce “o7”: harafin kai ne, lambar kuwa hannun da ya sara. “Shuɗi” a bakinsu aboki ne, “ja” maƙiyi. A Albion kuwa “shuɗi” sunan yankin aminci ne, “ja” da “baƙi” yankunan da ake kwashe kayan mamaci. Ga launi ɗaya ya ɗauki ma'ana biyu a al'umma biyu, darasin ilimin ma'ana a fili.

To amma kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. EVE na asali yana buƙatar kwamfuta da intanet maras yankewa, ga koyonsa na cin watanni. Albion ya zama kyauta tun 2019, ya sauko kan wayar salula a 2021, yana kuma da Faransanci. Za a ce ya rarraba jama'arsa, tunda ya buɗe wa Asiya tata duniyar a 2023, Turai kuma a 2024. Haka ne, cuɗanyar harsuna ta ragu. Sai dai duniyar Turai ta fi kusa da mu, kuma a can ake cin karo da masu Faransanci da Larabci da Turkanci.

Abin da ya fi damuna shi ne babu Hausa a ko ɗaya daga cikinsu. Bahaushen da ya shiga zai ari kalmomin wasu, alhali muna da namu: jagoran tawaga madugu ne, masu tare hanya ƴan fashi ne, abin da aka kwasa ganima ce. Idan ba mu ɗora waɗannan a kan sabbin abubuwa ba, baƙin kalmomi za su zauna daram.

Saboda haka, wanda zai shiga ya shiga da alƙalami. Ya ƙayyade wa kansa lokaci da kuɗin intanet, domin wasannin nan ba su da ƙarshe, jarrabawa kuwa tana da rana. Ya tattara kalmomi, ya lura da yadda ake aro da gutsure su, ya kawo wa sashenmu abin tattaunawa.